Ciwon Baya Mai Daɗewa: Musabbabansa da Hanyoyin Tunkararsa

Gabatarwa

Ciwon baya yana daga cikin larurorin da Bahaushe ya saba da su, har ta kai bai cika lissafa shi a jerin cututtuka ba sai ya kayar da mutum. Manomi yakan dawo daga gona yana dafe da ƙugu, matar gida takan miƙe daga wanki ko surfe da ƙyar, malamin makaranta kuma yakan fito daga darasi na huɗu ya ji tamkar an ɗaure masa kwankwaso da igiya. Mafi yawan irin wannan ciwo yakan lafa da kansa cikin 'yan kwanaki ko makonni. Wanda za a yi magana a kansa a nan shi ne wanda ya ƙi tafiya, wato wanda ya haura mako 12 yana damun mai shi. Irin sa ne likitoci ke kira ciwon baya mai daɗewa.

Larurar ba ta Hausawa kaɗai ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa a shekarar 2020 mutum miliyan 619 ne suka yi fama da ciwon ƙasan baya a faɗin duniya, ana kuma hasashen adadin zai kai miliyan 843 a shekarar 2050. Babu wata larura da ta kai ta hana mutane gudanar da ayyukansu na yau da kullum. Ɗalibin da ke shirin zama malami yana da buƙatar fahimtar ta saboda dalilai biyu. Na farko, sana'ar da zai shiga ta tsayuwa ce da zama da sunkuyo. Na biyu, a ƙauyuka da yawa malamin makaranta ne mutum na farko da ake kai wa takardar asibiti ko kwalin magani a ce ya duba ya yi bayani.

Yadda Gadon Baya Yake

Abin da muke kira ƙashin baya jerin ƙananan ƙasusuwa ne guda 33, an ɗora wani a kan wani kamar 'ya'yan carbi. Guda 7 suna wuya, 12 suna daidai ƙirji inda haƙarƙari ke manne, 5 suna kwankwaso, sai 5 da suka haɗe suka zama ƙashi ɗaya a tsakanin ƙugu, da wasu 4 ƙanana a can ƙarshe. Biyar ɗin nan na kwankwaso su ne suka fi kauri, domin su ke ɗauke da nauyin duk abin da ke sama da su, da kuma duk abin da mutum ya ɗora a ka ko a kafaɗa. A nan ne akasarin ciwon baya yake zama.

A tsakanin ƙasusuwan akwai faifai na guringuntsi guda 23, waɗanda aikinsu ya yi kama da na gammo: suna hana ƙashi gugar ƙashi, suna kuma shanye girgiza. Kowane faifai yana da ɓawo mai tauri daga waje, cikinsa kuwa taushi gare shi. Ta bayan faifan akwai wata kafa da laka ke bi tun daga ƙwaƙwalwa. Lakar takan ƙare a wajen ƙashi na farko ko na biyu na kwankwaso, daga nan sai jijiyoyi su ci gaba da sauka a tattare, kamar gashin wutsiyar doki, kuma da sunan wutsiyar doki aka san su a harshen Latin da likitoci ke amfani da shi.

A lura da cewa kalmar jijiya a Hausa ta ƙunshi abubuwa da dama. Hanyar jini jijiya ce, abin da ya ɗaure tsoka da ƙashi jijiya ne, haka nan zaren da ke kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da gaɓoɓi. A wannan bayani, duk inda aka ce jijiya, ta ukun ake nufi. Wannan bambanci yana da amfani ga mai fassara a asibiti, domin idan likita ya ce jijiya ta danne, majinyaci yakan ɗauka jini ne ya daina gudu.

Abubuwan da ke Kawo Shi

Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, kimanin kashi 90 cikin 100 na masu ciwon ƙasan baya, ko an yi musu bincike, ba a iya nuna wani ƙashi ko faifai ko jijiya guda a ce ga tushen ciwon. Wannan ba ya nufin ciwon ƙarya ne. Tsokoki da gaɓoɓi da ɗaure-ɗauren da ke baya suna da yawa, kowanne kuma yana iya yin tsami ba tare da ya bar wata alama da hoto zai kama ba.

Akwai dai abubuwan da aka tabbatar suna ƙara yiwuwar kamuwa. Babba daga ciki shi ne aikin ƙarfi mai maimaituwa, musamman ɗaga kaya mai nauyi tare da murɗa jiki. Buhun siminti kilo 50 ne, jarkar ruwa mai lita 20 kuwa ta kai kilo 20, ɗan garuwa kuma yakan ɗaga irin ta sau da dama kafin azahar. Haka abin yake ga ɗan dako da mai jan guga da mai noma da gajeriyar fartanya. Doguwar tafiya a kan babur a hanya mai gargada ita ma tana taɓa baya. Sai ƙiba da shan taba. Wani babban nazari da aka buga a shekarar 2023 ya nuna cewa yanayin aiki da taba da ƙiba, su ukun nan, su ke da alhakin kusan kashi 39 cikin 100 na naƙasar da ciwon baya ke jawowa a duniya.

To, me ya sa ciwon wani yakan warke cikin mako biyu, na wani kuwa ya shekara? A nan ne ilimin ya fi sauyawa a 'yan shekarun nan. Naman jiki da ya ji rauni yakan warke cikin wata uku ko ƙasa da haka. Amma a jikin wasu mutane jijiyoyi da laka da ƙwaƙwalwa sukan ci gaba da zama cikin shirin ko-ta-kwana bayan raunin ya warke. Misalinsu kamar karen da ya taɓa kama ɓarawo ne a gida, daga ranar ko ganye ya motsa sai ya hau haushi. Haushin na gaske ne, ɓarawon ne babu. Rashin barci da damuwa da tsoron motsi duk suna ƙara wa karen nan kaifin kunne. Saboda haka ba abin mamaki ba ne malamin da bashi ya yi wa katutu, albashi kuma ya yi jinkiri, ya ga bayansa ya fi matsa masa a wannan watan. Ba a cewa mutumin yana raki. Yadda jiki yake aiki ke nan.

Daga cikin kason da ake iya gano musabbabinsa, wanda aka fi sani shi ne ɓullowar faifai. Ɓawon yakan tsage, abin da ke ciki ya turo ya taɓa jijiya, sai ciwo ya bi ta ɗuwawu ya gangara bayan cinya har ƙasan gwiwa, wani lokaci tare da jin kamar ana tsira allura ko ƙafa ta yi sanyi ta mutu. Wasu likitoci biyu na Amurka, Mixter da Barr, su suka fito da wannan alaƙa fili a shekarar 1934. Abin da ba a cika gaya wa majinyaci ba shi ne, yawancin masu wannan matsala sukan sami sauƙi cikin makonni ko 'yan watanni ba tare da tiyata ba, domin jiki da kansa yakan shanye abin da ya turo. A wajen dattawa kuma akan sami kafar da jijiyoyi ke bi ta ƙuntata, sai mutum ya ji ƙafafunsa sun yi nauyi idan ya yi tafiya, amma da ya zauna ko ya sunkuya sai ya ji sakayau.

Fahimtar Bahaushe

Idan aka tambayi mutumin kasuwa abin da ke kawo ciwon baya, amsar da za ta fara fitowa ita ce basir, sai sanyi. Duk mai tallar maganin gargajiya da lasifika yakan jera basir da ciwon baya a numfashi guda. Ya kamata a gane cewa basir a bakin Bahaushe ya fi basir na asibiti faɗi. A asibiti, kumburin hanyoyin jini ne a dubura, ba a kuma san shi da haddasa ciwon baya na tsawon watanni ba. A gargajiyance kuwa, suna ne da ya tattara kasala da taurin bayan gida da ciwon ƙugu da raunin mazakuta. Illar wannan fahimta ita ce mutum yakan shafe shekara yana shan jiƙo da tsimi masu sa gudawa yana neman wanke ciki, bayan nasa kuwa yana nan yadda yake.

Maganar sanyi tana da ɗan ƙamshin gaskiya, domin cutar da ta kama ƙoda ko mahaifa tana iya bayyana a baya. Sai dai irin wannan takan zo da nata alamomin, kamar zazzaɓi da zafin fitsari da ciwon mara, ko ciwo a gefe ɗaya a ƙarƙashin haƙarƙari. Gwajin fitsari mai sauƙi yakan raba gardama.

Alamomin da ba a Jira

Kaɗan ne ƙwarai daga cikin masu ciwon baya ke ɗauke da cuta mai haɗari, amma kaɗan ɗin nan jinkiri yana iya gurguntar da su. Mafi gaggawa shi ne idan ciwon baya ya zo tare da kasa yin fitsari, ko zubar fitsari ko bayan gida ba da sani ba, ko mutuwar fata a matsematsi da kewayen dubura, ko ƙafafu suna ƙara rauni kullum. Wannan yana nuna an danne jijiyoyin nan na wutsiyar doki. Ranar da aka ga haka, ranar ake zuwa asibiti, ko da tsakar dare ne, domin abin da aka rasa a nan sau da yawa ba ya dawowa.

A ƙasashenmu dole a riƙa tunawa da tarin fuka. Mutane da yawa sun ɗauka a huhu kaɗai yake zama, alhali yana kama ƙashin baya, yana cin sa a hankali har ya rufta ya fitar da doro. Wani likitan Ingila mai suna Percivall Pott ya siffanta wannan cuta tun a shekarar 1779, har yau kuma da sunansa ake kiran ta. Alamominta su ne ciwon da ba ya lafawa ko an kwanta, zazzaɓin yamma, zufar dare da rama, kuma mai ita yana iya kasancewa ba ya tari ko kaɗan. Haka nan dattijon da ciwon baya ya fara masa sabo fil tare da rama da wahalar fitsari, ko macen da ta taɓa yin ciwon dajin mama, suna buƙatar bincike, domin ciwon daji yana yaɗuwa zuwa ƙashin baya. Tsohuwar da ta zame ta faɗi, ko da faɗuwar ba ta kai ta kawo ba, tana iya samun karaya idan ƙashinta ya yi rauni. Akwai kuma wani nau'in amosani da ke fara wa matasa: baya yakan sandare da asuba fiye da rabin sa'a, ciwon ya tashe su cikin dare, amma da sun motsa sai su ji dama. Shi ma maganinsa daban ne.

Batun Ɗaukar Hoto

Wanda ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗancan alamomi, yawanci ba ya buƙatar hoto. Wannan magana tana yi wa mutane nauyi, domin gani suke likitan da bai tura su hoto ba bai san aikinsa ba. Amma a shekarar 2015 wasu masana sun tattara sakamakon hotunan mutanen da ba su da ciwon baya ko kaɗan, sai suka tarar kashi 37 cikin 100 na 'yan shekara 20 faifansu ya fara sauyawa, a wajen 'yan shekara 80 kuwa kashi 96 ne. Ke nan abin da takardar hoto ke kira lalacewar faifai, sau da yawa furfura ce ta cikin jiki. Mutum yakan sayar da akuya ya je birni a yi masa hoton MRI, ya dawo da takarda mai kalmomi masu ban tsoro, daga ranar ya daina sunkuyawa, ya daina zuwa gona, ciwon kuma ya ƙaru. Idan aka kawo wa malami irin wannan takarda ya karanta, kada ya ƙara wa mai ita fargaba. Ya mayar da shi ga likitan da ya duba jikinsa, don shi ne zai iya haɗa hoton da abin da ya gani.

Hanyoyin Samun Sauƙi

A da, likitoci da kansu sukan umarci mai ciwon baya ya kwanta a kan katako na mako ɗaya ko biyu. Wani bincike da aka buga a Amurka a shekarar 1986 ya nuna cewa waɗanda aka ce su kwanta kwana 2 ba su fi waɗanda aka ce su kwanta kwana 7 shan wahala ba, sun ma riga su komawa bakin aiki. Daga nan ra'ayi ya juya. Doguwar kwanciya tana raunana tsoka, tana sandarar da gaɓoɓi, tana kuma bar wa mutum fili ya yi ta saƙe-saƙe.

A watan Disamba na shekarar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagoranta na farko a kan wannan larura. Abubuwan da ta sa a gaba su ne wayar wa majinyaci da kai game da ciwonsa, da motsa jiki, da tausa, da koya masa dabarun sarrafa tsoro da damuwa, sai wasu magungunan rage kumburi. Ta kuma yi hani ga ɗaura bel ɗin ƙugu, da jan baya da na'ura, da ƙwayoyin kashe raɗaɗi masu sa maye. Bel ɗin nan da ake tallarsa a kasuwanni da tsada yana cikin abin da aka hana.

Motsa jiki ba ya buƙatar kayan aiki. A shekarar 2024 mujallar Lancet ta buga wani bincike da aka yi a Ostireliya a kan mutum 701 da suka warke daga ciwon baya. An ɗora rabinsu a kan tsarin tafiya da ƙafa tare da bayani, aka bar sauran. Waɗanda suka riƙa tafiya sukan kai kimanin kwana 208 kafin ciwon ya dawo ya hana su aiki, sauran kuwa kwana 112. Abin lura shi ne a fara da kaɗan, kamar minti 10, a riƙa ƙarawa mako bayan mako. Ɗan tsamin da ake ji a farko ba alamar ɓarna ba ne. Kuskuren da aka fi yi shi ne ranar da aka wayi gari da sauƙi a ce sai an rama duk aikin da ya taru, washegari a kasa tashi. Wanda ya sami hali ya ga likitan gashin ƙashi, zai tsara masa atisayen da ya dace da jikinsa. Ana samun su a asibitocin koyarwa da manyan asibitocin jihohi, da kuma Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano, wanda aka kafa a shekarar 1959.

A ra'ayina, babban haɗarin da ke fuskantar mai ciwon baya a garuruwanmu yana cikin ledar kemis. Farasitamol shi kaɗai bai cika yin wani tasiri a ciwon baya ba. Ibufurofen da diklofenak sun fi shi aiki, amma na ɗan lokaci ake shan su, bayan cin abinci, domin shan su kullum yana jawo gyambon ciki da zubar jini, yana taɓa ƙoda, yana kuma ɗaga hawan jini. Mai juna biyu da mai olsa da mai ciwon ƙoda kada su sha sai da izinin likita. Mafi muni shi ne haɗin da ake ƙulla wa mutum, ƙwaya huɗu ko biyar ba kwali ba suna. A irin wannan haɗi akan sami magungunan rage kumburi iri biyu a tare, wani lokaci har da irin su deksametazon, wanda ke sa mutum ya ji garau nan take, amma idan aka daɗe a kansa yana kumbura fuska, yana ɗaga sukari, yana kuma rarake ƙashin da ake neman ceto.

Sai tiramadol. Rahoton shekarar 2018 na wani bincike da aka gudanar a Nijeriya ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 4.6 sun yi amfani da irin waɗannan ƙwayoyi ba bisa ƙa'ida ba. Ba duka ne suka fara don neman maye ba. Akwai lebura da manomi da ɗan acaɓa da suka fara sha don su iya ƙarasa aikin yini, jiki ya saba, ƙwaya ɗaya ta daina isa. Gargaɗin da malami zai yi wa matasa a kan wannan ya fi kowane darasi na tsafta muhimmanci.

Game da magungunan gargajiya, adalci shi ne a rarrabe. Gasa baya da ruwan ɗumi ko tsumma mai zafi, da tausa da man kaɗanya, suna sassauta tsoka, babu kuma laifi a cikinsu. Ƙaho yana da daɗaɗɗen matsayi a wajen Hausawa, mutane da yawa kuma sukan ce sun ji sauƙi bayansa, sai dai sauƙin na 'yan kwanaki ne. Sharaɗinsa shi ne sabuwar aska ga kowane mutum, domin ciwon hanta da ƙanjamau suna bin jini. Abin da ya kamata a guje wa shi ne tattake baya da ƙafa, ko danna shi da ƙarfi don a mayar da ƙashin da aka ce ya goce. Idan tarin fuka ko daji ya riga ya ci ƙashin, dannawa guda tana iya zaunar da mutum har ƙarshen rayuwarsa. Tiyata kuwa tana da wurinta, wato inda jijiya ta danne ƙafa tana rauni, ko ciwon ƙafa ya ƙi lafawa bayan watanni, ko ƙashi ya karye. Ba a cika samun biyan buƙata da ita ba a ciwon bayan da ba a gano tushensa ba.

Malami a Cikin Aji

Ba a san wani zama ko wata tsayuwa guda da za a ce ita ce daidai ga kowa ba. Abin da baya ya ƙi shi ne daɗewa a hali ɗaya. Malamin da ke zagayawa tsakanin layukan ɗalibai ya fi wanda ya kafe a gaban allo samun sauƙi, ajinsa ma ya fi natsuwa. Lokacin duba takardun jarrabawa, wanda yakan sa mutum ya yi sa'a uku a duƙe a kan benci, yana da kyau a riƙa miƙewa duk bayan rabin sa'a. Wanda ciwo ya taso masa, ya fi masa alheri ya nemi shugaban makaranta ya rage masa darussa na ɗan lokaci, a kan ya ɗauki dogon hutu ya zauna a gida, domin an lura cewa gwargwadon daɗewar mutum ba ya zuwa aiki, gwargwadon wahalar komawarsa.

Ɗalibai ma suna da baya. Yarinyar da ta ɗauko ruwa ta yi talla kafin ta zo makaranta tana iya kasa zama wuri ɗaya, a ɗauka rashin ji ne. Yaro mai sikila yakan sami matsanancin ciwo a baya da gaɓoɓi, musamman a lokacin hunturu ko idan ƙishirwa ta kama shi, don haka a bar shi ya sha ruwa a aji, kada kuma a sa shi tsallen kwaɗo ko kamun kunne da sunan horo. Ciwon baya mai daɗewa ba abu ne da aka saba gani a jikin ƙaramin yaro ba. Idan ɗalibi ya yi makonni yana kuka da bayansa, yana ramewa, yana tafiya a sandare, ko aka ga wani ƙullutu ya fara tasowa a tsakiyar gadon bayansa, malami ya kira iyayensa ya nuna musu hanyar asibiti. Ya kuma shaida musu cewa maganin tarin fuka kyauta ake bayar da shi a cibiyoyin gwamnati a Nijeriya, kuma na ƙashi yakan ɗauki kimanin wata 12 ana sha ba tare da fashi ba, ko da yaron ya ji sauƙi tun a wata na biyu.